Gwamnati Da Manomi A Ƙasar Bagwai

In mutum ya tashi daga birnin Kano ya nufi yamma maso arewa, ya bi ta Bichi ya karkata zuwa Bagwai, zai yi ta tafiya bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Itatuwan da ke tsaye cikin gonakin, su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, ko wanne da mai shi. A irin wannan ƙasa ba a barin gona ta huta, don babu inda za a koma. Ana nomanta bana, a noma ta baɗi, haka tun kaka da kakanni, ba ta kuwa mutu ba.

To, tun daga shekarar 1903, sa'ad da Turawa suka ci Kano, babu Gwamnatin da ta zo ba ta ce za ta gyara wa manomi nomansa ba. Waɗansu dabarun sun karɓu, waɗansu sun watse, waɗansu kuwa manomi ya karɓe su ya juya su yadda masu kawo su ba su zata ba. Labarin da za mu ba ku ke nan. Ya kamata ko wane ɗan manomi ya san shi, gama har yau ba a daina zuwa ƙauye da sababbin dabaru ba.

Noman Da Turawa Suka Tarar

Kada ku yi tsammani kakanninmu jahilan noma ne. Da rani su kan kwashe takin tumaki da awaki, da tokar murhu, da sharar gida, su zuba a mangala, jaki ya kai gona. Mai hali ya kan ba Fulani hatsi su kwana da shanu a gonarsa. In ruwa ya sauka a ɗauki sungumi a shuka gero, a bi da dawa, daga baya a sa wake a tsakani. A yi noman firi, a yi maimai, a yi huɗa da garma. Gero ya nuna da wuri ya kori yunwar damina, dawa ta zo da kaka ta cika rumbu, wake ya ba da abinci, harawarsa ta ci da dabbobi, dabbobin su ba da taki. Kun ga abin zagaye ya ke yi, ba a yar da kome.

Sun san gyaɗa, sun san auduga, amma don bukatar gida da masaƙan ƙasa a ke shuka su. A fadama kuwa akwai masu lambu, suna ɗebo ruwa da jigo suna bai wa albasa da alkama.

An Nemi Auduga, Aka Sami Gyaɗa

Abin da Turawa suka fara sa wa rai a ƙasar Hausa auduga ce. A Ingila akwai manyan masaƙu a birnin Manchesta da kewayensa, audugar Amurka su ke dogara da ita, suna kuwa tsoron ran da za ta yanke musu. Saboda haka a 1902 suka kafa ƙungiya ta neman auduga a ƙasashen da ke hannun Ingila. Da suka ji labarin masaƙan Kano da marinanta, suka ce lalle nan ne rumbun auduga. Wannan zato yana cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har Kano. Ta iso a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912.

Amma fa manomi ya yi nasa lissafi. Masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da tsada, don me zai kai musu? Sa'an nan a daidai wannan lokaci masana a Turai sun gano dabarar daskarar da man gyaɗa ya zama kamar man shanu, talakawansu su shafa a burodi. Sai kamfanoni suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Ita kuwa gyaɗa tana son jigawa irin tamu, ba ta gajiyar da ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in kuma yunwa ta matsa ana iya cinta. Wa ya taɓa cin auduga?

Fataken goro na Kano, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, su ne suka shiga tsakani, irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, suna cewa a shuka gyaɗa za su saya. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Tashar Kano ta cushe da buhuna, jirgi ya kasa kwashewa. Auduga sai can wajen Zariya da Funtuwa da Gusau ta sami gindin zama.

Ku lura da wannan da kyau. Babban canjin da ya fara samun noman ƙasar Kano ba wani ma'aikaci ne ya tsara shi a ofis ba. Abin da Gwamnati ta yi biyu ne, ta kawo jirgi, ta kuma ce haraji sai da kuɗin Turawa, ba wuri ba, ba dami ba. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da dagaci ke tsaye a ƙofar gidansa yana neman sule, tilas ya shuka abin da ke kawo sule. Ruwa kuma ya ƙi a 1913, aka yi yunwa mai tsanani a 1914, wadda a waɗansu wurare a ke kira Kakalaba. Mutane suka mutu da yawa, haraji kuwa ba a fasa karɓarsa ba. Tun daga nan manomin Kano ya riƙe karatunsa, kome tsadar gyaɗa ba ya hana hatsi wuri a gona.

Garmar Shanu

A 1922 aka kafa gonar gwaji a Samaru kusa da Zariya, a 1924 likitocin dabbobi suka zauna a Vom suna yin maganin rigakafin bushiya, ciwon da ya kusa ƙare shanun ƙasar nan a zamanin da. Ma'aikatan gona suka zauna suka yi shawara, suka ce abin da zai ɗaga manomi shi ne ya haɗa noma da kiwo. A ba shi bijimai biyu da garmar ƙarfe bashi daga Baitulmalin En'e, ya yi huɗa da su, ya ɗaure su a gida ya tara taki, ya biya bashin kaɗan kaɗan da kuɗin gyaɗa. A 1928 aka fara, da manoma 3 tak.

Dabara ce mai kyau, ba mai musu. Abin da ƙato zai yi kwanaki yana huɗawa, shanu su gama shi da hantsi. Amma ta yi ta tafiyar hawainiya shekaru da yawa, dalili kuwa ba taurin kai ba ne. Ku ɗauki mutumin Bagwai mai gona 'yar kadada uku ko huɗu, ita ma ba a haɗe ba, guntu nan guntu can, gado ya rarraba ta. Bijimai biyu ba su san rani ba, kullum sai sun ci. Ina zai samo musu ciyawa a ƙasar da babu daji? In ɗaya ya mutu, ga bashi a wuya. Sa'an nan malaman gona na wancan zamani sun fi son a ba masu manyan gonaki, watau hakimai da dagatai da attajirai, don su ne ba a jin tsoron bashi ya maƙale a hannunsu. Talaka ya tsaya a bakin gona yana kallo.

Abin mamaki, sai bayan da aka daina matsa wa mutane garmar ta bazu. Maƙeran gida suka koyi gyaranta, har suka koyi ƙera ta. Masu shanu suka fara yi wa maƙwabta huɗa a biya su lada, da rani kuma su ɗaura wa shanun amalanke su yi jigilar taki da yashi, in sun yi ƙiba a sayar da riba a sayi ƙanana. Da haka lissafi ya fita. Yau a ƙauyukan Bagwai garmar shanu ta zama kayan gida, yaro ba ya ma sanin baƙuwa ce.

Motar noma ba ta yi wannan sa'a ba. A 1949 aka buɗe wata babbar gona a Mokwa, aka kawo taraktoci, aka kashe kuɗi masu yawa, a 1954 aka rufe ta da hasara. Haka ya faru a Tanganyika, inda Gwamnatin Ingila ta so noma gyaɗa da injuna daga 1947, ta watsar a 1951.

Hukumar Gyaɗa Da Dala

Da kamfanoni ne ke yanka farashi. Shekarar da kasuwar Turai ta yi kyau manomi ya yi aure ya sayi doki, shekarar da ta faɗi, kamar farkon shekarun 1930, kuɗin haraji ma ya gagara. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, Gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona a hannunta, bayan yaƙi kuma ba ta saki ba. A 1949 aka kafa hukuma ta gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa.

Ga yadda abin ya ke tafiya. Kafin kaka hukuma ta yanka farashi ɗaya na shekara. Ba mai fitar da gyaɗa waje sai ita. Ta ba manyan 'yan kasuwa lasin, su kuma suna da yaransu masu sikeli a kasuwanni, ƙarƙashinsu ga 'yan baranda masu bin ƙauyuka. Daga ƙasa irin ta Bagwai, inda jirgi bai bi ba, jakuna da raƙuma ne ke ɗauka, daga baya manyan motoci. A Kano a tara buhuna, da ya ke taragun jirgi sun yi kaɗan bayan yaƙi, sai aka riƙa jera su sama sama har su yi tsini. Ita ce dalar gyaɗa, ko wacce ta kan ci buhu wajen 15,000. Mutane suna tunawa da ita da alfahari, har an buga hotonta a takardar kuɗi. Amma gaskiyar magana, dala alama ce ta kaya sun yi yawa, jirgi ya gaza.

An ce da manomi za a riƙe wani abu daga kuɗinsa a shekarar arziki, a cika masa a shekarar tsiya. Riƙewar dai an yi. Masu lissafi sun ƙiyasta cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, abin da aka cire daga kuɗin gyaɗa, haraji da ajiya, ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ce duk an ɓarnatar ba. Da kuɗin amfanin gona aka yi hanyoyi da makarantu, da shi aka sa jari a masaƙar Kaduna a 1957. Sai dai yawancin abin da aka gina a birni ya ke, mai gumin kuwa yana ƙauye. Shi ya sa duk shekarar da farashin Nijar ya fi namu, gyaɗa ta kan san hanyar Maraɗi da dare.

A cikin wannan zamani ne aka fara kawo takin zamani, wanda manoma ke kira supa. Da fari mutane sun ƙi shi, suna cewa gishirin Bature zai ƙone gona. Da suka ga gyaɗar maƙwabci ta fi tasu, sai nema ya fi samu. Wani abu guda ne malaman gona suka daɗe suna faɗa a kansa ba su ci nasara ba, watau a daina cakuɗa shuka, a ba ko wane iri gonarsa. Manoma suka ce to, suka ci gaba da abinsu. Daga baya, a shekarun 1960 da 1970, wani masani a Samaru mai suna David Norman ya bi gonakin ƙauyukan Zariya yana aunawa, ya tarar cakuɗawar ta fi kawo amfani a kadada guda, ta kuma fi tsare mutum daga hasara in damina ta yi gardama. Ashe tsoho ne ke da gaskiya.

Wani Misali Daga Ƙasar Girka

Bari mu ɗan leƙa wata ƙasa, don kada ku ce mu kaɗai abin ya sama. Girka, wadda malamai ke kira Yunan, tana kudancin Turai a bakin teku. Mutanenta ba baƙi ba ne a kasuwar ƙasar nan, gama Zochonis na kamfanin PZ Bagirke ne, Leventis kuma Bagirken tsibirin Kubrus ne. Su ma suna da gyaɗarsu, watau wani ƙaramin inabi da a ke shanyawa ya zama zabibi. A shekarun 1870 wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, Faransawa suka koma sayen zabibin Girka. Manoman Girka suka ci bashi, suka cika gonaki da inabi. Da gonakin Faransa suka farfaɗo, sai a 1892 ta ɗora wa zabibin kuɗin fito mai nauyi. Farashi ya rushe, a 1893 Gwamnatin Girka kanta ta kasa biyan bashin da a ke binta, samari suka yi ta ƙaura zuwa Amurka.

Inda hanyarsu ta rabu da tamu shi ne wajen ƙasa. A can akwai manyan gandaye a hannun mutane kaɗan, talakawa suna yi musu noma. Daga 1917 aka fara dokar raba su, da kuma 'yan gudun hijira fiye da miliyan 1 suka kwararo daga Turkiyya a 1922 da 1923, sai aka raba da gaske. A 1929 aka kafa bankin manoma don mai ƙaramar gona ya sami rance ba sai ya je wurin mai ba da bashi da ruwa ba. Mu a nan talaka yana da gonarsa tun asali, ko da ƙarama ce. Abin da ya daɗe yana rasa shi ne rance mai sauƙi a lokacin shuka, shi ya sa ya kan sayar da gyaɗarsa da araha tun tana cikin ƙasa.

Faɗuwar Gyaɗa, Zuwan Ruwa

A tsakiyar shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya, abin da hukuma ke saya ya kai wajen tan miliyan 1 a shekara. Ba a yi shekara goma ba abin ya rushe. Fari ya zo daga 1972 zuwa 1974. A 1975 darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa, ta lalata gonaki wajen hekta 700,000. Kuɗin man fetur kuma ya shigo, Gwamnati ba ta ƙara dogara ga gumin manomi ba, samari suka nufi birni. Dala ta ɓace daga Kano. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ɗungum. Gyaɗa ba ta mutu ba, har gobe ana nomanta a Bagwai, amma cikin gida ta ke ƙarewa, a mai da ƙuliƙuli.

Gwamnan farko na Jihar Kano, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki wata hanya dabam. Ya ce ruwan da ke wucewa a rafuka da damina a tare shi, a yi noma da rani. Aka gina madatsar Bagauda, aka gama ta Tiga a 1974, fari kuwa ya zama shaida a gare shi. Waɗanda suka gaje shi suka ci gaba, har aka zo kan kogin Watari a Bagwai, aka datse shi tsakanin 1977 da 1980.

Wannan madatsa ita ce babban abin da Gwamnati ta taɓa yi a ƙasar Bagwai. Aka haƙa babbar hanyar ruwa daga gindinta, da ƙanana masu rarraba shi cikin gonaki. Mutumin da da in ya gama girbi sai ya ɗauki sanda ya tafi ci-rani, yanzu ya kan tsaya gida ya yi tumatir da albasa da masara da alkama, da damina ya yi shinkafa. Waɗanda ba su taɓa riƙe koma ba suka zama masunta. Daga ruwan nan kuma a ke tacewa a tura wa mutanen birni.

A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar KNARDA da rancen Bankin Duniya. Cikin ayyukanta babu wanda ya shiga jikin talaka kamar ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ta fadama. Inji ne da mutum zai ɗaura a bayan keke, makanikin ƙauye ya iya gyaransa, mai shi ba ya jiran wani ma'aikaci ya zo ya buɗe masa ruwa. Cikin 'yan shekaru jigo ya zama labari.

Amma ruwa bai zo kyauta ba. Gonaki da fadamu sun nutse a ƙarƙashin tafkin, an ta da mutane daga mazauninsu. Hanyoyin ruwa su kan cushe da yashi da ciyawa in an yi sakaci da yashe su, na kusa da madatsa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya yi ta jira. Tumatir ya kan nuna gaba ɗaya, kwando ya faɗi warwas, a yanka a shanya a ƙasa. A 2016 wata tsutsa da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna. Taki kuwa, tun da Gwamnatin Tarayya ta karɓi sayensa da rabonsa a 1976 tana rage masa kuɗi, kukan manomi bai sake ba, ko ya zo a makare, ko ya bi ta hannun 'yan kasuwa.

Akwai kuma wata hasara da ba a sa ta cikin lissafi ba sa'ad da a ke zana madatsar. Tafkin ya shiga tsakanin garin Bagwai da waɗansu ƙauyukansa, tafiyar da da a ke yi da ƙafa ta koma sai da kwalekwale, ko a yi dogon zagaye. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Da rani, in kun tsaya a kan madatsar, a hannu ɗaya za ku ga koren gonaki iyakar ganinku, a ɗaya hannun ga ruwan da mutanen Badau ke ƙetarewa in za su kasuwa.